Yatsu Takwas

A Greenock, ranar Asabar,
ruwa na tsiyaya a jikin taga
kamar an biya shi ya yini yana zuba.
Mu goma sha huɗu a bene na uku,
duk malaman lissafi na ajin manya,
kowa da kofin shayi da taƙamar shekarun aiki.
Ni nawa goma sha tara ne.

Ishbel Rennie ta shigo da jiƙaƙƙiyar lema,
ko kwamfuta ba ta buɗe ba.
Ta ce, "Ku naɗe manyan yatsunku cikin tafi.
Yau kun sauka ƙasar da ake haihuwar mutum da yatsu takwas.
Ƙirgarsu daga bakwai sai goma.
To, biyar da shida nawa?"

Wannan ai wasan yara ne.
Bakina ya ce sha ɗaya tun bai shawarce ni ba.
"A'a," in ji ta, ta wuce.
Lachlan da ke gefena ya ce sha uku,
ta gyaɗa kai.
Ta jefo wata, ta jefo wata,
tana duba agogo da gangan,
alƙalami ya yi mini nauyin guduma.
Gumi, a watan Nuwamba!
Na kai gwiwar hannu na rufe takardata,
sai na tsaya cak:
na san mai wannan gwiwar hannun.

Struan ne.
Shekara talatin yana walda a jikin jiragen ruwa
kafin a sa wa ƙofar kwaɗo.
Kusa da ƙofa yake zama,
kwat ɗinsa a jiki, maɓalli har wuya.
Duk Talata ya manta tabarau.
Ni kuwa na rubuta a rajista:
ba ya mai da hankali.

Da Morven, mai jinyar tsofaffi,
wadda ke raba ƙwayar magani ga mutum ashirin
ba ta taɓa kuskuren ko rabi ba,
amma in ta ga allo sai ta ce,
"Ni ba ni da kan lissafi."
Tana shekara tara wani malami ya gaya mata,
ta goya maganar har ta yi furfura.

Ishbel ta ce mu saki yatsu.
Ɗakin ya yi ajiyar zuciya.
Ta ce, "Minti goma sha biyu ke nan.
Naku ɗaliban shekara arba'in suka yi a ƙasar.
Kuma ba wanda ya zo muku hannu rabbana:
sun biya haya, sun auna labule,
sun kai albashi ƙarshen wata da jan ciki.
Ku fara tambaya: kai yaya kake yi?
Sannan ku yi shiru.
Shirun ne zai ba ku wuya."

Talata na bar takardun gwaji a mota.
Na shiga da tef ɗin awo da guntun bututu,
na ce, "Struan, ban san kaurin wannan ba."
Ya juya shi sau ɗaya a hannu.
"Biyar bisa takwas na inci."
Muka auna. Ko gashi bai rage ba.
Na ce ya nuna mana yadda ya gane,
na cije harshe na koma kujerar baya.
Ya yi jim,
ya tuɓe kwat ya rataye,
ya nemi alli.

Morven ba ta zo ba daren nan.
An ce aikin dare ya faɗo mata.
Na ajiye mata bututun a aljihun tebur.

A hanyar gida, gefen kogin Clyde,
tsofaffin ƙugiyoyin ɗaga kaya na tsaye cikin hazo.
Na naɗe manyan yatsuna a kan sitiyari
ina ƙirga fitilun titi:
shida, bakwai, goma, sha ɗaya…
Wajen ashirin na sake ɓata.
Na koma farko.